Ranar da Muka Tsiyaye Gida

Ɗigo ɗaya ne fa.
Ɗis. Shiru. Ɗis.
A ƙarƙashin hitar banɗaki,
kwana arba'in yana ƙirga mini dare
cikin tsohon gwangwanin madara.

Barau ya zo da hantsin Asabar,
buhun sifanu ɗaure a bayan babur.
Ya tsuguna, ya taɓa, ya murza tsatsa a yatsa.
"Malam, bawul ne ya cinye.
Bai fi babban yatsanka ba,
amma ba a cire shi da ruwa a kansa.
Sai an tsiyaye gidan nan kaf."

Kaf?
Tankin da na cika shekaranjiya da kuɗin fansho,
tun da ruwan Ajiwa ya daina leƙo layinmu?
Na ɗaga kai na dube shi, baƙi, a kan ƙafafun ƙarfe,
kamar giwar da za a kayar
don a cire mata ƙaya.

Ya fara kashe wuta.
Ya zura tiyo daga gindin bututu zuwa tsakar gida.
Ruwa ya taho, ya yi turus, ya ƙi.
"Hau bene ka buɗe famfon sama," in ji shi,
"in bai sha iska ta can ba, ba ya saki ta nan."
Na hau da gwiwoyina masu ƙara. Na murɗa.
Bangon gidana ya yi gyaran murya,
ya yi tari sau biyu,
sannan ya saki.

Kulu ta fito da duk abin da ke da ciki:
baho, bokiti, tukunyar suna, har butocin alwala.
Aka aika cikin Rafin Daɗi, kowa ya zo ya ɗiba.
Yara da jarkoki,
Sada mai shayi da durom a baro.
Wanda ya zube, lemun tsamin bakin rariya ya shanye
ko godiya babu.

Da farko garau.
Sai na cikin hita, da sauran ɗuminsa,
kamar tafin wanda ya tashi daga barci.
Sai ja.
Sai laka, mai kauri kamar kunun da ya kwana,
shekara goma sha tara tana kwanciya a gindi
don mu sha na sama.

Barau ya hau tsani da tocila a baki,
ya leƙa, ya daɗe,
ya sa sanda ya jawo wani abu.
Ƙwallon roba. Kore ce da, yanzu ta koɗe.

Ta Mannir ce.
Kwana uku ya yi yana kuka,
na ce masa sakarci ne, yaro bai iya riƙon kayansa ba.
Ashe tana nan bisa kanmu,
tana yawo cikin duhu a kan ruwan da muke sha,
ta hau in an cika, ta sauka in mun yi wanka.

Yanzu yana ƙasar da ruwan zafi ke zagaya ɗakuna cikin ƙarfe.
Ya taɓa ce mini a waya,
su ma in za a taɓa bawul ɗaya
sai an zubar da duka,
gida ya kwana da sanyi.

Sabon bawul ya shiga ba gardama.
Farin tef zagaye bakwai, sifana, ɗan nishi.
Minti goma.
Barau ya miƙo mini tsohon, ya yi tsanwa-tsanwa,
ya ce mai tanka sai gobe.

Daren nan babu ruwa a bangon gidana.
Babu ɗis.
Na wanke ƙwallon da sauran na buta,
na sa ta cikin gwangwanin madara.
Kulu ta yi barci tun isha'i.
Ni ina kwance ido biyu,
ina jiran abin da zan ƙirga.