Asabar a Farin Gada

Ƙarfe biyar da rabi, sanyin Jos na cizon kunne,
motar shara ta tafi da rabonta,
ta bar mana namu:
manyan mazubai bakwai, baki buɗe,
kowanne da abin da ya liƙe masa a gindi.

Ni da Davou muke kayar da su ɗaya-ɗaya
kamar mahauta da bijimi.
Shi ya kama kunne, ni in ɗaga ƙafa,
sai ruwan ƙasa ya biyo, baƙi, mai kauri,
ruwan tumatirin sati guda,
ganyen kabejin da ya manta sunansa,
albasar da ta narke ta ƙulla gaba da kowa.

Wari iri-iri ne, sai wanda ya yi aikin.
Na dankali shi ne babba:
in ya ruɓe ba ya sallama,
maƙogwaro yake kamawa.
Na kifi kuwa naci gare shi,
ya bi ka gida, ya riga ka hawa tabarma.

Da fari sai ɓallin katako, a kankare.
Tsutsa ta zubo fari fat kamar shinkafar suna,
kajin Mama Kaneng na tsaye a gefe,
ba su taɓa makara ran Asabar ba.
Sannan ruwan zafi daga wajen Ilu mai shayi,
bokiti biyu, bashi,
da omo, da 'yar jar kanwa,
da tsintsiyar kwakwa da ta ga jiya ta ga yau.

Inda hannu bai kai ba, sai mutum ya shiga.
Ni nake shiga, Davou kafaɗa ta yi masa yawa.
A ciki murya takan dawo maka biyu,
sai in tuna Baba a ramin kuza,
da yake cewa duhu ma yana da ɗanɗano.
Shi yakan fito da abin da ake ɗorawa a sikeli.
Ni nakan fito da abin da ba mai cigiya:
murfin kwalba, ragar buhu,
rannan ma ɗankunne guda,
yana nan a aljihuna, ban san na wa ba ne.

Sau ɗaya na gauraya magunguna biyu
wai don in tashi da wuri.
Sauri ya haifi nawa, in ji manya,
ni dai tari ya haifa mini,
kwana uku kamar tsohon babur a hawan Gangare.
Yanzu ɗaya nake zubawa, in ɗauraye, in jira.

Sai mu jingine su kan dutse, baki ga gabas.
Sauran aikin na rana ne,
ita ce ba ta tambayar kuɗin wata.
In sun bushe ƙayau,
toka a gindi, gawayi dunƙule uku,
ɓawon lemon da Sani mai fira ya tara mini a leda,
tsohuwar jarida a kai.
Ƙuda ya zo, ya zaga, ya zaga,
ya rasa gidan da ya kwana jiya.

Masu wucewa kan ce sannu daga nesa,
gefen mayafi a hanci.
Shugaban kasuwa bai taɓa leƙowa ba.

Amma da azahar Ladidi mai karas
ta jawo kujerarta 'yar tsugunne,
ta jingina baya da na uku, koren nan,
ta buɗe langa, ta sha gwatenta har ta suɗe,
ko waiwaye ba ta yi ba.
Davou ya zungure ni da gwiwar hannu.
Ba mu ce komai ba.

Kafin la'asar wani yaro ya zo a guje
ya juye kwandon ruɓaɓɓen attarugu a na farko.
Na ji faɗuwarsa daga bakin famfo
inda nake cuɗa hannu da lemun tsami,
don Hassu tawa sai ta shinshina tafina
kafin ta yarda in ɗauke ta.