Baƙon Shekara Talatin

Na sauka Agege da jaka guda,
na ce wata shida, in tara kuɗin bijimi biyu, in koma.
Yau haƙorana uku suna binne a ƙasar Ikko,
cibiyar 'ya'yana huɗu ma haka,
amma in aka tayar da zancen zaɓe a rumfa
sai in kaɗa hannu in ce, "Mu baƙi ne."

Katin zaɓena yana can Malumfashi,
cikin akwatin ƙarfe, ƙarƙashin gadon yayata,
tare da takardar gonar da ban taɓa nomawa ba.
Kwatar ƙofar gidana kuwa tana nan inda nake.

Bara ruwa ya shigo layinmu da tsakar dare.
Bai yi sallama da Hausa ba, bai yi da Yarbanci ba.
Ya kwashi tebur ɗin Jatau mai shayi,
ya kwashi busasshen kifin Iya Ronke,
ya bar mu tsaye, wando a naɗe,
muna haska wa juna fitilar waya.

Ita ce ta ja ni ofishin kansila,
tana faɗa, ɗankwalinta na zamewa.
Wani mai farar riga ya buɗe littafi.
"Ku nawa ne a layin?"
Na ce mun fi ɗari uku.
"Masu kati a wannan mazaɓa fa?"
Muka ƙirga, muka sake ƙirgawa.
Bakwai.
Ya rufe littafin a hankali,
kamar mai rufe idon mamaci.

Ni da ke auna tumatir tun asuba a Mil Sha Biyu,
na san kwandon da ba a ɗora a sikeli ba
ba shi da nauyi a bakin dillali.

Lantana, autata, haifaffiyar nan,
ita ta cike mini takardar sauyin mazaɓa
tana dariyar yadda nake sa hannu.
Na yi layi sau uku. Sau biyu aka ce na'ura ta lalace.
Na koma.

Ba zan yi muku ƙarya ba:
kwatar nan har yau ba a gyara ta ba.
Sai dai ranar Asabar ɗin ƙarshen wata
ina zama a bencin taron unguwa,
ina tambayar ina kuɗin tikitin kasuwa ke kwana,
kuma mai farar rigar nan ya koyi sunana,
yana ma faɗin sa daidai.

To, kai Barau da ke fiɗa a mahautar Oko-Oba,
kai mai gadin da ke kwana zaune a Ikoyi,
ke Delu mai waina a bakin layin dogo,
mu yanzu tamanin da ɗaya ne.
Za su zo da shinkafa, na sani.
Mudu kwana biyu yake yi a tukunya,
kujerar kuwa shekara huɗu,
kowa ya yi lissafinsa.

Ban daina mafarkin Malumfashi ba.
Amma ruwan da zai sauko a daren yau
a nan zai same ni,
kuma katin yana cikin aljihun gabana,
na naɗe shi a leda.