Abin da Ya Ci Yatsan Baba

Yatsu tara ne da Baba.
Na goman, babban na dama,
ya baro shi a bayan Daberam
shekarar da aka haifi yayata Karime,
ran da bindiga ta ƙi magana da baki, ta yi da ƙugu.
Aka ce sammu ne.
Aka ce Nomau ne, maharbin Sandamu,
da suka yi musu kan wani gadu.
Baba bai ce e ba, bai ce a'a ba,
gaisuwa dai ya janye,
har aka kai Nomau makwanci bai taka ba.

Ni kuwa Katsina na je karatun lissafi,
na dawo Daura da kwamfuta mai tsagaggen murfi
da wata manhaja a cikinta
mai tambaya kamar alƙali:
nauyin dalma, tsawon bututu,
irin albarushi, zafin ranar.
In ka ba ta amsa sai ta ja maka zane,
tudu guda na matsi a cikin ƙarfe,
baka guda na tafiyar harsashi
daga fitarsa har ƙasa ta kira shi.

Ya ce, Hansatu, akwatin nan ya taɓa jin warin hayaƙi?
Na ce a'a.
Ya taɓa kwana kan kuka yana jiran wata ya faɗi?
Na ce a'a.
To me zai gaya mini?

Duk da haka ya ɗauko littafinsa
daga ƙasan adaka, inda lasin yake naɗe a leda.
Shekara talatin na ɗurin kwanso,
da ajami, da tawada mai kama da jar kanwa,
kowane awo da ranarsa.
Yana karantowa, ina bugawa,
kaji suna tsattsaga a gindin turmi.
Shafi bayan shafi tudun yana kwance lafiya,
kamar kunyar gyaɗa.
Ya ce, ka ji yaro mai ladabi, ya yarda da ni.

Sai muka iso shafin da rubutu ya karkace,
na ƙarshe da hannun dama.
Awo dai na kullum ne, ko ƙwaya bai ƙara ba.
A gefe, da ƙananan baƙaƙe:
sabon gari, na wani fatake, ya fi araha.
Ƙasa da shi: bazara, rana tsaka.

Na sauya abu biyun nan kawai.
Tudun ya miƙe tsaye kamar suri,
ya huda jan layi, ya wuce.

Ban ce komai ba.
Ya matso da fuskarsa har numfashi ya dusashe gilashin,
ya ɗora dungun a kan tsinin ja,
daidai wa daida, kamar an auna.
Ya daɗe.
Kiran la'asar ya zo ya same mu a haka.

Ya ce, ashe gari gari ne a ido kawai,
wani yana ci a hankali, wani da haɗama.
Ya ce, kashe abin nan, kada batir ya ƙare.

Washegari ban ji fitarsa ba.
Inna ta ce ya sa rigar Juma'a ran Talata,
ya sayi goro na ɗari biyar,
ya hau motar Sandamu.
Nomau ya bar ɗa, mai facin taya a bakin tasha.
Ban san me suka ce da juna ba.

Da ya dawo bai zauna ba, ya leƙo ɗakina:
Wannan akwatin naki,
ya san iskar da ke tasowa daga ruwa da yamma?
Na ce sai in an gaya masa.
Ya ce, to ɗauko shi. Wannan ni zan koya masa.