Dawakai Biyar

Ƙasimu ne ya fara kawo zancen
a wata rumfa cikin Panteka, bakinsa cike da gyaɗa:
"Motarka ba ta da laifi, Malam,
masu cin arzikinta ne suka yi yawa.
Inji ɗaya, bel ɗaya,
ga mai cajin batir a rataye,
ga famfon ruwa, ga na sitiyari, ga esi,
kowa ya zauna sai an ciyar da shi.
Rage musu tuwo ka ga gudu."

Ya zaro fuli daga kwali,
ƙarami, ba nauyi, ja kamar nunannen tumatir,
ya ɗora min a tafin hannu.
Wai dawakai biyar ke ɗaure a ciki,
takwas ma, in an dace.
Ni da ko jaki ban taɓa mallaka ba,
sai na ji sukuwa a ƙirjina.

Oga Dogara na kwance a ƙarƙashin wata bas,
ƙafafunsa kaɗai ake gani.
Daga can muryarsa ta fito:
"Robar da ke cikin tsohon fulin,
kana tsammanin ado ce?
Ita ke shanye karkarwar karanshaf.
Wanda ya ƙera motar ba a hanya ya tsinci hankali ba."
Na ce a raina, tsufa dai da tsoro.
Na biya da kuɗin da na ware don taya.

Daren farko na hau bayifas daga Mando,
na take totur har ƙasa.
Na rantse ta yi sauƙi.
Ko motar ce, ko aljihuna,
har yau ban tantance ba.
Wata tsohuwar Golf shaƙe da doya
ta wuce ni ba ko sallama.

Sai ranar Laraba, tsakiyar bazara,
gosulo ya kama mu a bakin gada,
kogi a ƙasa yana tafiyarsa, mu muna tsaye.
Esi ya koma hucin ɗan akuya.
Allurar zafi ta fara hawa
a hankali, kamar farashin shinkafa.
Magariba ta yi, na kunna fitila,
ta ba ni hasken aci-balbal.
Da na zo juya kan mota a Barnawa
sai ka ce dutsen niƙa nake murzawa.
Asabe na fifita da katin biki,
ba ta dube ni ba ta ce,
"To, ina dawakan?"

Da safe suka iso.
Na murza makulli, batir ya yi tari sau biyu ya yi shiru.
Ishaya mai shago, da Ɗanlami,
da yaran maƙwabta biyu cikin rigar makaranta,
suka dafa but suna nishi.
Huɗu ke nan.
Na biyar ni ne, hannu ɗaya a sitiyari,
kafaɗa a jikin ƙofa,
silifas ɗina ɗaya ya rage a kwata.

Dogara bai yi dariya ba, abin da ya fi ciwo.
Ya ɗauko tsohon fulina
inda ya danne tamfol da shi don iska.
"Na san za ka dawo.
Mai tsere a fili, ƙafa kullum a ƙasa,
shi zai ɗan ga amfaninsa.
Kai daga gida zuwa aji, daga aji zuwa kasuwa,
yaushe rabonka da giya ta biyar?"
Na fara lissafi da yatsu.
Ya ce in bari, in riƙe masa sifana.

Jan fulin yana kan teburina yanzu,
yana danne takardun jarrabawar yara
kada fanka ta kwashe su.
Dawakan na nan a ciki, in ji Ƙasimu.
Ba sa cin dusa, ba sa haniniya.
Tayoyin kuma, sai ƙarshen wata.