Garken Bene na Bakwai

Vilém ya tafi aikin jirgin ruwa.
Ya bar mini takarda manne a jikin firji,
gizo-gizo tara masu gashi, kowanne tafin hannuna,
da kunama ɗaya baƙa wuluk.
Ya rubuta: Mama, ba sa cin gawa, sai mai motsi.

Shekara talatin ina tuƙa tarago a titunan Ostrava,
duk kyankyason da ya gifta mini a ɗakin girki
silifa ce ke yi masa sallama.
Yau ga ni a shagon Oldřich da kuɗin fanshona,
ina taya su kamar mai sayen tunkiya.

Ya ce, jajayen nan ƙafarsu wuta,
ɗaya ya kuɓuce, kin rabu da maƙwabta.
Ɗauki baƙaƙen nan masu faɗin baya.
Ragwaye ne, ba sa hawan santsi,
ba kuka, ba wari,
kuma ba sa zubar da ƙwai, rayayyu suke haifa.
Mai dogon fiffike shi ne namiji.
Ɗaya ya ishi mata huɗu,
in kin ƙara, faɗa za su yi su manta da haihuwa.

Na huda murfin roba na rufe da raga,
na jera kwalin ƙwai a tsaye,
bene kan bene, irin ginin da nake ciki.
Dusa a gefe guda, karas da ɓarin lemu a ɗaya gefen.
Abin da ya kwana na kwashe, kada ya yi hunhuna,
don abin da suka ci shi kunama za ta ci.
Ni da ban taɓa auna abincin kaina ba.

Wata biyu shiru.
Sai wata asuba na ɗaga kwali,
ga su farare fat, ƙanana kamar tsabar shinkafa,
sun lafe ƙarƙashin uwarsu.
Na rasa wanda zan gaya wa.
Na gaya wa butar shayi.

Ran Lahadi nake ɗaukar matsefata.
Ƙa'ida ita ce kada ya fi cikin mai cinsa girma.
Wadda ta kwanta rigingine ba mutuwa ta yi ba,
saɓa take yi, a bar ta kwana bakwai
haƙoranta su yi ƙwari,
in ba haka ba abincin ne zai ci mai ci.
Wannan duk na iya.
Abin da takardar ba ta faɗa ba
shi ne yadda hannu ke tsayawa a kan garke
yana neman wanda bai sani ba.

A Janairu wuta ta ɗauke, ƙanƙara ta toshe taga.
Na naɗe akwatunan gilas da bargo uku,
robar kuwa na rungume ta zuwa gado
da gorar ruwan zafi a tsakaninmu.
Dare ya raba ina jin su ta cikin kwali,
sur-sur, kamar yayyafi kan busasshen ganye.
Tun rasuwar maigida
ban kwana da abu mai numfashi ba.

Vilém ya kira daga wata tashar da na kasa faɗin sunanta.
Yaya taran? Yaya baƙar?
Na ce lafiya lau, ɗaya ma ta yi saɓa.
Bai tambayi sauran ba.
Su ɗari uku da wani abu ne yanzu.
Akwai wata mai guntun ƙaho, ta haihu sau huɗu,
duk Lahadi matsefata na tsallake ta.
Na ajiye wayar, na ɗauko wuƙa,
na shiga fere karas.