Saiwar da ke Zuwa Gidan Gara

Ruwa ya kwana yana dukan Ɗansadau.
Ko zakara bai gyara murya ba
Gwaggo Tabawa ta taɓa ƙafata:
"Tashi, ɗauko ƙwarya. Suri ya haihu."

A bayan gonar dawa muka same su,
sun fasa jar ƙasa da kawunansu
kamar baƙin da suka iso cikin dare
ba su tashi kowa ba.

Na kai hannu, ta buge shi.
"Ba a tsinka, tonawa akai.
Fuska kowa na da ita,
gindi shi ka faɗin asali."

Ta bi ɗaya da tsinke a hankali,
saiwa ta yi ta fitowa, siririya,
ta fi tafin hannuna tsawo,
tana nuna ɗakin da gara ta rene shi.
A tsakiyar hularsa ɗan tsini.
Ta sansana, ta sa a ƙwarya.

Taku bakwai daga nan, cikin ciyawa,
ga wani fari fat, ya fi shi kyau,
da zobe a wuya kamar ɗan sarauta.
Ta tono shi. Gindinsa na zaune cikin jaka
irin ɓawon ƙwan da aka fasa.
Wani kuma, kusa da kashin shanu,
ta kifa shi, cikinsa ya soma kore.
"Laimar kwaɗi," in ji ta.
Ta goge hannu da ganyen sabara har sau uku.

A hanya ta ba ni labarin Cindo maƙeri,
wanda ya ga tsutsa ta ci, ya ce halal ne.
Ya yi amai kwana guda, ya miƙe,
har ya koma bakin zuga yana dariya.
Ran na huɗu idonsa ya yi rawaya.
"Cikin tsutsa daban, naka daban."

Miyar ranar, da daddawa da ɗan barkono,
ba wanda ya tambayi nama.

Bana damina ta uku babu ita.
Jiya na durƙusa gaban surin nan,
na tono wani, saiwar ta katse a ƙasa.
Kama ya yi kama.
Na juya shi, na sansana, na sake juyawa,
na waiga inda take tsayawa.

Na bar wa kwaɗi abinsu.
Da kuka muka ci tuwo.