Malam-Buɗe-Littafi

Littattafai uku suka iso Angangueo ran Talata
a bayan motar da ke kawo mana siminti.
Casimira ta yanke igiyar kwalin da wuƙar albasa,
ta jera su kusa da masarar da take gasawa.

Ɗaya kan ruwan ƙasa da ke ja da baya,
ɗaya kan tsuntsayen da aka daina jin kukansu.
Na ukun, mai bango ruwan lemo da baƙi,
na dutsenmu ne.

Fidencio da yatsa yake karatu,
harafi harafi, kamar mai tsintar tsakuwa a wake.
Shekara goma sha tara yana saran dajin nan da dare,
shekara goma sha ɗaya yana gadinsa.
Da sauran bashi, in ji shi.

Shafi na arba'in da biyu:
reshe ya sunkuya da nauyin fukafukai,
a gefen hoton ga wani hannu riƙe da igiyar awo.
"Nawa ne," ya ce. "Ga tabon gatari."
Muka duba ƙarshe, inda ake godiya.
An gode wa jami'a, an gode wa gidauniya,
har da Paloma, alfadarar da ta ɗauki kaya.
Shi kam babu.
Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi.

Littafin ya ce daga Kanada suke tasowa,
wanda ya tafi ba shi ke dawowa ba, tattaɓa-kunnensa ne,
amma yana gane dutsen.
Kakar Fidencio cewa take matattu ne
ke zuwa gaisuwa farkon Nuwamba.
Shi dai bai ga saɓani ba.

Bana kaɗan suka zo.

Da asuba ya hau, littafin cikin riga saboda raɓa.
Sanyi ya rufe su, dubu kan dubu a jikin itace,
ɗakin karatu da ba a buɗe ba tukuna.
Ya zauna jiran rana.
Tana taɓa reshen farko
sai malam ya buɗe littafi,
wani ya buɗe, wani ya buɗe,
daji ya cika da motsin shafuka.

Ya ciro nasa, ya duba, ya mayar.
Can ƙasan rafi akwai sabon kututture
da jiya babu shi.
Ya kakkaɓe wando, ya gangara.